Kwarfar Ruwa a Venice

Duk mai yi mini kirarin Venice, garin nan na Italiya da aka gina a cikin ruwa, ya adana yawunsa. Na je da ƙafata, gani ya kori ji.

Audi, autana, shi ya kai ni. Yana aiki a wani asibiti a can Italiya, na je masa ziyara, kullum maganarsa ɗaya: in rufe gidana na Rafin Guza a Kaduna in dawo wurinsa da zama, wai ya gaji da jin ruwa ya shigar mana duk damina. Na ce zan ba shi amsa in mun dawo daga yawon Venice ɗin. Gaskiya zuciyata ta fara karkata, gwiwa ta soma ciwo, kuma ɗa ai ɗa ne.

Muna sauka daga jirgin ƙasa wari ya yi mini sallama. A'uzubillahi! Kamar kwatar bayan mahauta. Gindin gidaje duk gansakuka, ruwan kore shar, ga mushen ɓera yana lilo a ciki. Wata baturiya a kwalekwale ta tsoma hannu tana wasa da ruwan, ta ciro, ta ci gaba da cin burodinta da hannun. Tir! Ban gama tofar da yawu ba tattabara ta sakar mini kashi a sabon gyalena.

"Mama, daga ko'ina a duniya ake zuwa kallon nan," in ji Audi.

"To duniya ta rasa aikin yi."

Can wajen la'asar aka busa jiniya. Sai ga ruwa yana ɓulɓulowa ta ramukan kwata, yana malala a fili. Ma'aikata suka jera katakai masu ƙafa, kowa ya ɗare. Wasu ma suka tuɓe takalma suna tsalle a cikin ƙazantar suna ɗaukar hoto, manya da su, da furfurarsu.

Nan na hango wata tsohuwa a ɗan shagonta na kayan gilashi, ita kaɗai, tana kwarfar ruwa da bokiti, bayanta a tanƙware. Ba wanda ya ko kalle ta. Mu a unguwarmu, in ruwa ya shiga gidan maƙwabci ba a jiran gayya. Bara da ruwa ya ci ɗakina, maƙwabciyata Maman Ezra ko coci ba ta je ba, da kwanon wankinta ta faɗo. Don haka ban yi shawara da kowa ba, na ci ɗamara da gyale, na tattare zani, na dira.

"Sannu, baiwar Allah. Allah ya kiyaye gaba," na ce, na karɓi bokitin.

Ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ruwan sanyi ƙarara, ga yauƙi, ga ɗoyi har cikin maƙogwaro. Ina kwarfa ina danne amai.

Da na ɗago, wayoyi sun yi mini caa. Ana dariya, ana nuna ni. Wani mutum da ke kusa da Audi ya nuna ni da yatsa, ya tambaye shi wani abu. Ba na jin yarensu, amma ido gare ni. Audi ya dube ni, ya dubi takalminsa, ya girgiza kai, ya watsa hannuwa, har da ɗan ja da baya.

Wallahi ƙyamar da ta taso mini a lokacin, ta ruwan ba ta kama ƙafarta ba.

Sai da na kwarfe shagon tas. Tsohuwar ta kama hannuna biyu ta riƙe, tana ta magana, idonta ya kawo ruwa. Na hau katako zanina yana ɗiga. Audi ya raɓo, murya ƙasa-ƙasa.

"Mama, don Allah mu tafi, ana kallonmu."

Na dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, tunda ba ka san ni ba, taimaka ka nuna mini hanyar filin jirgi. Ina da gida a Kaduna."