Sunan da Ke Shafi na Uku

Tun ranar da aka haifi Sintae sunan ubanta ya ɓace. Haka al'adar ƙauyen Tumbang Karui take, da ka samu ɗan fari an gama da sunanka na asali. Shekara ashirin da biyu ke nan kowa Baban Sintae yake ce masa, har in wani baƙo ya kira shi Uhing sai ya waiga ya ga ko da wani ake.

Ita kuwa Sintae shekararta ta ƙarshe ce a jami'a a birnin Palangka Raya, tana karatun haƙƙin ɗan Adam. Yarjejeniyoyin duniya duk suna kanta, tashe ta daga barci ta zayyano maka su. Aka tura ta koyon aiki a wata ƙaramar ƙungiyar lauyoyi, daidai lokacin da mutanen ƙauyensu suka kai kukan kamfanin manja ya cinye musu daji.

"Ke kaɗai ke jin yarenku na Ngaju a ofishin nan," in ji shugabar, Malama Yetrie. "Ki je ki ɗauko shaida. Amma ki ji da kyau, 'yata. Sunan mai shaida kina iya sauyawa don kare shi. Maganarsa kuwa, kalma ɗaya kada ki taɓa. Ki rubuta, ki karanta masa, ya dangwala yatsa. In kika gyara, takardar ta mutu, ke ma kin gama aiki a wannan fanni."

Sintae ta ce to. Abin da ba ta ce ba shi ne ubanta a kamfanin yake aiki. Shi ya san dajin tun yana yaro, shi suka ɗauka yana nuna wa direbobinsu iyakoki, kuma da wannan aikin ta yi karatun da take taƙama da shi. Kunya ce ta rufe mata baki, da kuma son a ce ita aka aika.

Shaida shida ta ɗauka lafiya lau. Ta bakwai ce ta Innar Dehen, tsohuwar da ta karɓi haihuwarta.

Ta same ta a baranda da hantsi, tana saƙar tabarma, bakinta ja wur da taunar ganyen sirih, goron mutanen can.

"A'a, lauyarmu ce! Ke da na wanke wa kashi, yau ni za ki yi wa tambaya? Zauna, kada takalmin birni ya karye miki."

"Kaka, ban zama lauya ba tukuna."

"To me kike ci a can shekara huɗu? Buɗe takardarki."

Tsohuwar ta fara, Sintae na rubutu. Ta faɗi ranar, washegarin da aka gama girbin shinkafa. Ta faɗi yadda ta ji rugugin motar ture itatuwa daga gonar robarta, ta ruga ba takalmi. A bakin gonar ne ɗan ɗakin katako yake, a kan dogayen ginshiƙai, inda, bisa al'adarsu, aka ajiye ƙasusuwan mijinta bayan bikin sallamar mamaci da suka yi shekara tara suna shirinsa.

"Ko da na isa, ginshiƙi biyu sun riga sun kwanta. Da zanena na tsince mijina a cikin taɓo. Haƙarƙari ɗaya har yau ban gani ba."

"Wane ne direban, Kaka?"

"Oho, wani baƙo ɗan tsibirin Jawa, bai san komai ba. Inda aka nuna masa yake bi."

Tambaya ta gaba tana cikin jerin da aka koya mata, ba yadda za a tsallake ta.

"Wa ya nuna masa?"

Innar Dehen ta tofar da jan yawu ta gefen baranda, ta dube ta ido cikin ido.

"Baban Sintae. Da jar tuta a hannunsa."

Alƙalamin ya tsaya. Sintae ta san abin da zai biyo baya, ai shi aka koya mata a aji na biyu. Kamfani ba ya taɓa cewa shi ne, ƙaramin da aka ambata shi ake miƙawa. Za su ce ya yi gaban kansa, su kore shi daga aiki, su fitar da su daga gidan ma'aikata, wataƙila har 'yan sanda su zo. Mutum mai shekara hamsin da takwas, wanda bai da sauran dajin da zai koma.

Ta sunkuya ta rubuta: wani ma'aikacin kamfani.

Da ta zo karanta wa tsohuwar, ta bi ta kan wurin da sauri, tana fatan ƙarar injin kwale-kwalen da ke wucewa ta rufe.

"Tsaya. Maimaita."

Ta maimaita.

"Ni na ce wani? Ke yarinya, kunnena bai mutu ba. Wanin nan da shi muka ɗauki ƙasusuwan zuwa ɗakin, shi ya riƙe gaba. Ya san wurin kamar ƙofar gidansu."

"Kaka, ubana ne."

"Na sani. Ni ma mijina ne." Ta miƙo babban yatsanta, ta janye. "In ba za ki iya ba, ki ce su turo wani."

Ba wani da za a turo. Sintae ta san haka, tsohuwar ma ta sani. Ranar Litinin lauyoyi za su shigar da ƙara, kuma cikin shaidu bakwai wannan ce kaɗai ta wanda ya gani da ido. Ta zauna tana jin haushin kowa, har Malama Yetrie da ba ta san komai ba. Sannan ta yaga shafin, ta sake rubuta shi yadda aka faɗa. Innar Dehen ta saurara har ƙarshe, ta dangwala yatsa, ta koma kan tabarmarta.

Kwale-kwalen birni ƙarfe huɗu yake tashi. Da an bar ta, da ta wuce bakin kogi kai tsaye, amma jakarta na gida, kuma uwarta ta gasa mata kifin guzuri.

Ta tarar da ubanta zaune a bakin ƙofa, ya cire takalmin roba, yana shan kofi. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Malama ta dawo! To, an ƙwato wa duniya haƙƙinta? Kawo in ga abin da ake yawo da shi gida gida."

"Baba, na ofis ne. Ba a nunawa."

"Kai, ji min yarinya! Ni da ban iya karatu ba, sirrin wa zan sata? Rubutunki kawai zan gani."

Kafin ta yi wani motsi ya zare takardun daga hammatarta. Gaskiya ne, aji biyu ya yi ya bar makaranta, boko bai zauna masa ba. Kalma ɗaya tak ya iya karantawa a duniya, sunan 'yarsa. Ya koye ta ne daga bangon littattafanta tun tana firamare, yana binta da yatsa harafi harafi.

Ya gan ta a saman shafin farko na shaidar tsohuwar, inda aka rubuta wadda ta ɗauki shaida, ya gyaɗa kai don jin daɗi. Ya lashi yatsa ya buɗe na biyu. Ya buɗe na uku, sai yatsan ya tsaya a tsakiya.

"Ga ki nan kuma. Amma wannan akwai wata kalma a gabansa." Ya ƙura ido, ya yi dariya. "Ko ni ne? Sintae, har ni kika sa a takardar manya?"

Daga bakin kogi mai kwale-kwale ya busa ƙaho na farko. Sintae ta dubi inda yatsansa ya tsaya.

"Kai ne, Baba."

Ya gyara zama, ya matsar da kofinsa gefe, ya share mata wuri kusa da shi da tafin hannu. Sannan ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Innar Sintae! Bar kifin nan, zo ki ji. 'Yarki za ta karanta mana abin da ta rubuta a kaina."