Jar Waya da Baƙar Waya

Duk sashen kimiyya babu wanda bai san Mai Salatif ba. Aikinta ne ya jawo mata sunan. Za ta ɗauko ɗan gutsuren ma'adani baƙi mai ƙyalli, irin wanda Allah ya yi shi falle a kan falle kamar albasa, ta manna masa salatif, ta ɓamɓare, ta sake mannawa, har sai fallen ya yi sirantar da ido ba ya ganinsa sai da madubin ƙara girma. Mace da digiri biyu, ga ta tana fama da salatif kamar mai ɗaure kwali a tasha. Tun tana jin haushin sunan har ta koma amsawa.

Abin da take nema bai da wuyar faɗa. In aka ɗumama gefe ɗaya na fallen, ɗaya gefen kuma yana da sanyi, sai 'yar wutar lantarki ta taso a tsakaninsu. Ita so take ta nuna cewa sirantaccen falle ya fi mai kauri ba da wutar. Kuma ta nuna, domin lambar da na'urar awo ke ba ta ta ninka abin da kowa ya zata. A kan wannan lamba ta gina kundin digirin digirgir ɗinta, an kuma sa mata ranar kare shi a ƙarshen zango.

Ranar nan take jira kamar ta janyo ta da igiya. Tun bara aka canza wa maigidanta wurin aiki, ya koma wani gari mai nisa, ya tafi da 'yarsu ƙwaya ɗaya da ta fara firamare. Alkawarin da aka yi shi ne, tana karewa sai tasha.

Wata safiya ta shigo ɗakin gwaji don ta ɗauki awon ƙarshe da Farfesa, mai duba aikinta, ya nema. Ta kunna 'yar hitar da ke ɗumama gefen fallen, ta zuba wa na'ura ido. Lambar ta fito yadda ta saba, sai dai da alamar ragi a gabanta. Ta leƙa bayan teburi, sai ta ga an sa jar wayar hita a gurbin baƙa, baƙa a gurbin ja.

Ba ta ko tambayi wanda ya yi ba. Dogo ne kawai a ɗakin ke aron kayan mutane, ɗalibin da komai nasa na aro ne, har abin rubutu.

"Dogo! Kai wai wane irin mutum ne? Sau nawa zan ce maka kar ka taɓa min tebur?"

"Yi haƙuri, Yaya," in ji shi, yana tauna biredi. "Jiya na ari wayoyin, na kuma mayar. Ai hita ce, ko ta ina wuta ta shige ta zafi za ta yi."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta juya ta sake kallon na'urar. Shi dai kare kansa yake yi, bai ma san abin da ya faɗa ba, har ya koma kan biredinsa. Amma gaskiya ce. Babu ruwan zafi da jar waya ko baƙa. In da zafi ne ke haifar da lambarta, ko sau ɗari aka juya wayoyin hita bai kamata ta motsa ba.

Ta mayar da wayoyin yadda suke a da, lambar ta dawo kyakkyawa. Ta sake juyawa, alamar ragi ta dawo. Ashe duk tsawon lokacin nan wutar hita ce ke yoyo tana shiga wayoyin awo, ita kuma tana ta rubutawa tana murna. Wannan gwaji na minti kaɗan shi ya kamata a fara yi tun ranar farko. Ita ba ta yi ba, Farfesa ma bai tambaya ba, don lambar ta yi musu daɗi, kuma ba a cika bincikar labari mai daɗi ba.

Takaici ya cika ta. Ta kalli tulin salatif da ke kwandon shara, ta ji kamar ta kifar da teburin gaba ɗaya. Aikin baban giwa! Zuciya ta ce mata, mayar da ja wurin ja ki yi shiru, wa ya gani? Ta daɗe zaune da wayoyin a hannu. Sai ta tashi tana tsaki, ta nufi ofishin Farfesa, tana jin haushin ƙafafunta da ke kai ta.

Farfesa ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya murza idanu.

"Na riga na faɗi lambar nan a gaban mutane a taro," ya ce. "To, ni zan san yadda zan yi da kunyata. Ke kuma dole a sake haɗa komai, a raba hita da wayoyin awo, a samo sabon falle."

"Ranka ya daɗe, ranar karewa fa?"

"Me za ki kare? Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Ta fito baranda ta kira maigidan. Kafin ta ce komai, yarinyar ta karɓe wayar.

"Umma! An ba mu hutu, kuma na ci jarrabawata. Abba ya ce ke ma kin kusa gama taki. Yaushe za ki zo?"

"Ba yanzu ba, 'yar albarka."

Yarinyar ta ce, "Ke ba ki ci ba ne?"

"Ban ci ba," in ji Mai Salatif. "Ba Abbanki wayar."