Wadda Za Ta Ciyar da Alidu

Ranar Alhamis Damata ta dawo daga asibiti da kati ƙulle a bakin zanenta, kuma Alhamis ce ranar da matan ke haɗuwa a tsakar gidan Mma Amama a unguwar Maamobi. Su bakwai ne a shekarar 1988, kowacce da ɗan da ba ya tafiya, ko ba ya magana, ko duka biyun. Ba su da ofis, ba su da suna, sai dai mutanen layi suna ce musu matan Alhamis. Suna riƙe wa juna yara in ɗaya za ta kasuwa, suna karɓa-karɓa da keken guragu ɗaya da suke da shi, suna kuma faɗa wa juna abin da ba a faɗa a gidan suna.

Damata ta kwance katin ta miƙa wa Amama, duk da ta san Amama ba ta karatun boko. Ƙari ne a cikinta. Za a kwantar da ita ranar Litinin ta makon jibi, a yi aiki Laraba, ta yi kwana goma a gado. Likitan ya ce in aka ƙara jinkiri abin zai wuce inda wuƙa za ta taimaka.

Amama ta juya katin ta mayar mata. “To wa zai ba Alidu abinci?”

Alidu ɗan Damata ne, shekararsa ashirin da biyu. Jikinsa a sandare yake tun haihuwa, ba ya tauna, haɗiya ma sai da dabara. Ubansa ya rasu da daɗewa, kuma ko yana raye bai taɓa iya ba shi ko cokali ɗaya ba.

“Shekara huɗu ina ce miki ki koya wa wata,” in ji Amama. “Kowa a nan ta koya wa wata. Ke kullum gobe, kullum gobe. To ga goben ta zo da kati.”

“Mma, faɗa za ki yi ko shawara?”

“Duka biyun. Bakina ne.”

Aka duba, aka ga lokacin cin Alidu shi ne lokacin cin yaran kowa. Hannun da babu komai a cikinsa ɗaya ne, na Hamsatu, wadda ke zaune kusa da randa tana sauraro kamar kullum. 'Yarta Zuera ta rasu shekara biyu da suka wuce tana da shekara tara. Dokunu, wato tuwon masara mai tsami, aka dama mata, ya bi ta inda bai kamata ba, kuma Hamsatu ce riƙe da cokalin. Duk da haka ba ta daina zuwa Alhamis ba. Matan sun daina ce mata Maman Zuera, kuma har yanzu sukan ɗan yi tuntuɓe kafin su kira sunanta.

Babu wadda ta ambaci Zuera. Damata ta dubi hannuwan Hamsatu ta kau da kai.

“Zan zo gobe da safe, Yaya,” in ji Hamsatu.

Ɗakin Damata guda ne, a bakin babbar gwata mai kwashe ruwan unguwa. Tana dama kokon Alidu daban, ba yaji, ta tace shi sau biyu. Sai ta zauna a tabarma ta jingina da bango, ta ja shi tsakanin ƙafafunta, ƙeyarsa ta kwanta a ƙarƙashin haɓarta. Hannun hagu a muƙamuƙinsa, na dama da ƙaramin cokali. Awa guda suke yi, kuma in ya sha rabin kwano ranar ta yi kyau.

“Alhaji, ga amarya na kawo maka,” ta ce masa ranar farko. “Kada ka ba ni kunya. Ka san ba kowa ke son mai gashin gemu sili uku ba.”

Alidu ya yi dariya har ƙafarsa ta bugi bokiti. Yana jin komai. Ya san muryar kowace mace a cikin bakwai ɗin, kuma in ana ƙwallo a rediyon maƙwabta ba ya yarda a rufe taga. Ya bar Hamsatu ta zauna a bayansa, ya bar ta ta riƙe muƙamuƙinsa. Da cokalin ya taɓa leɓensa sai ya datse haƙora.

Haka aka yi rana ta biyu da ta uku. Suka gwada Hamsatu ta ɗaura zanen Damata saboda ƙamshi. Suka gwada Damata ta fita waje, suka gwada ta zauna a gabansa tana lallashi. Wani lokaci yakan buɗe bakin, ya riƙe kokon a ciki, idanunsa suna neman uwarsa, har ya zubo ta gefe ya jiƙa tsumman wuyansa. Damata tana gyara gwiwar hannun Hamsatu, tana rage abin da ta ɗebo, tana cewa ba haka ba. In an tambaye ta yaya ne, sai ta karɓi cokalin ta yi, ya haɗiye, ta ce, “Haka.”

A rana ta tara ya karɓi cokali ɗaya, ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, ya sarƙe. Fuskarsa ta yi duhu, ba tari, ba sauti. Hamsatu tana ji a ƙirjinta yadda bayansa ke bankarewa, amma hannunta ya ƙi motsi. Damata ce ta fizge shi, ta kifa shi a cinyarta, ta buga bayansa sau uku har ya yi tari ya fashe da kuka.

Da numfashinsa ya daidaita, Damata ta ɗago tana haki, hannu ɗaya dafe da cikinta.

“Haka kika tsaya a ranar ma?”

Hamsatu ta tsugunna ta tsince cokalin, ta wanke shi, ta goge kokon da ya zube a tabarma. Tana ɗaukar mayafinta Damata ta riƙo gefensa.

“Ki yafe mini. Ciwo ne ke magana, ba ni ba.”

“Haka na tsaya, Yaya,” in ji Hamsatu. “Gobe ƙarfe bakwai?”

Ranar Litinin Amama ta raka Damata tashar ƙananan motocin haya da ake kira trotro. Kafin su fita Damata ta daɗe tana yi wa Alidu bayani a kunne, shi kuma yana kallon jakar da ke kanta. Ranar bai ci komai ba. Hamsatu ta riƙa jiƙa tsumma mai tsabta tana matsa masa a gefen baki, ɗigo-ɗigo. Matan Alhamis suka riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya, wata da nata ɗan a goye, kowacce ta gwada tata dabarar. Amama ta yi masa wasa, ta yi masa tsawa, ta yi masa addu'a a kofi. Zuwa safiyar Talata leɓensa ya bushe ya tsage, kuma ya daina juya kai in an buɗe rediyo.

Da yamma aka bar shi da ɗaya daga cikin matan, Amama da Hamsatu suka tafi dubiya. A bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya Amama ta tsaya ta gyara ɗankwali.

“Ke, ki bar mini maganar. Fuskarki ba ta iya ƙarya ba. Ki kalli ƙasa, dama kin saba.”

Damata na kwance cikin rigar asibiti, an sa mata ruwa a hannu, an rubuta a allon gadonta kada ta ci komai daga magariba. Ba ta bari sun gama gaisuwa ba.

“Ya ci?”

“Ya ci paa, sosai ma!” in ji Amama. “Wannan ɗan naki munafuki ne, kina fita ya saki jiki. Kwano guda cif, har da lasar baki.”

“Kwano guda,” in ji Damata.

“Wallahi kamar mai dako.”

Damata ta juya kanta a kan matashi ta dubi Hamsatu, wadda ke kallon ƙasa kamar yadda aka ce mata.

“Mma Amama, shekara ashirin da biyu, ni da na haife shi, ban taɓa ganin gindin kwanonsa ba. Da kin ce cokali huɗu da na yarda.”

Amama ta zauna a bakin gadon, muryarta ta sauka. Ta ce yana shan ruwa, mutum ba ya mutuwa don kwana biyu, yunwa za ta buɗe masa baki. Ta ce in Damata ta mutu fa, kwana nawa zai yi? Ta haɗa ta da Allah da Annabi. Damata tana gyaɗa kai. Da nas ta buga ƙararrawar tashi ta ce, “Na ji. Ku je, ku gaishe shi.”

Laraba da hantsi Hamsatu na matsa wa Alidu tsumma sai haske ya ragu a bakin ƙofa. Damata ce, jaka a ka, filasta a bayan hannu, babban yatsanta shuɗi da tawadar takardar da aka sa ta dangwala kafin a bar ta ta fita. Alidu ya yi wani sauti da Hamsatu ba ta taɓa ji ba.

“Kada ki ce komai,” in ji Damata. “Nas ta riga ta faɗa da Turanci da yaren Twi da na Ga. Miƙo kokon.”

Ta zauna da ƙyar, ta ja shi jikinta. Hamsatu ba ta tsaya a gabansu tana kallon cokali ba kamar yadda ta yi kwana goma. Ƙafafunta sun gaji, ta zame ta zauna a ƙasa a gefe, inda ba ta ganin komai sai wuyan Damata da ƙeyar Alidu manne da shi. Cokali ya shiga. Maƙogwaron Damata ya motsa sama ya sauko, sannan na Alidu ya bi. Cokali na biyu ma haka. Na uku Damata ta tsaya tana cije leɓe don ciwo, Alidu ya riƙe kokon a baki yana jira, sai da ta haɗiyi yawu sannan ya haɗiye.

“Yaya, ke kike fara haɗiyewa. Yana jin wuyanki a ƙeyarsa, sai ya bi.”

“Ni? Ba na haɗiye komai.”

“Kina yi. Kowane cokali.”

Damata ta sake ɗebowa, ta tsaya tana sauraron jikinta, sai idanunta suka buɗe. Hamsatu kuwa ta tuna abin da ita take yi in cokali ya shiga bakinsa: ɗauke numfashi take yi, wuyanta ya ƙage, tana jiran abin da ya faru da Zuera.

Suka sauya wuri ba tare da wata ta ce a sauya ba. Hamsatu ta manna wuyanta a ƙeyarsa. Bakinta a bushe yake, sai da ta kurɓi ruwa ta riƙe. Ta sa cokalin, ta rufe ido, ta haɗiye. A ƙarƙashin yatsunta muƙamuƙin Alidu ya yi motsi, kokon ya wuce. Ta sake, ya sake. Ya sha cokali shida.

Amama ta shigo a na biyar, ta zo ne da niyyar faɗa. Ta tsaya ta gani, ta warci katin daga jakar Damata ta fita ko takalminta ba ta saka daidai ba.

Sai bayan azahar ta dawo. Ta zauna a dokin ƙofa ta cire ɗankwali tana fifita da shi. An ba wata gadon tun ƙarfe tara. Layin masu jiran aiki ya cika, sabuwar ranar da aka rubuta a katin tana cikin Fabrairu, wata biyar nan gaba. Ta samu ganin likitan a baranda, ta faɗa masa an samu mai ba yaron abinci. Ya ce ya yi murna, ya ce su kawo ta in jini ya ɓalle ko ciwon ya fi ƙarfinta, amma bai ce komai game da Fabrairu ba.

Damata na kwance a gefen tabarma, ta naɗe gwiwoyinta zuwa ciki. Ba ta karɓi katin ba.

“La'asar ta kusa,” ta ce wa Hamsatu. “Ki dama sabo, wancan ya yi tsami. Ki tace sau biyu. Ni zan kwanta a nan in ga yadda kike yi.”