Darasi na Ashirin da Biyu

"Cokali," in ji wani namiji a bayan bango. Wata mace ta biyo shi da kalmar da ban taɓa ji ba, mai fitowa daga can cikin maƙogwaro. Aka yi shiru. Sai muryar Baba Mai Agogo ta maimaita abin da matar ta faɗa, ta ƙare da tari.

Na ajiye tsintsiya. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ya raba ni da tsohon nan a hawa na biyu, kuma tun rasuwar matarsa ban ƙara jin muryar mace a ɗakinsa ba. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin jin magana rabi ba. Na zura takalmi na je na ƙwanƙwasa.

"Shigo, Nas. Na san ba za ki iya daurewa ba."

Yana zaune a teburin aikinsa kusa da taga, gilashin duba cikin agogo a goshinsa. Agogunan da masu su suka manta da su suna rataye a bango, kowanne yana tafiyarsa. Babu wata mace. 'Yar rediyo ce ja, irin mai cin katin memori, tsaye tsakanin kwalbar mai da farantin ƙananan ƙusoshi.

"Baba, amarya ka yi ba ka gaya mana ba?"

"Malama ce. Ba ta gajiya, ba ta zagi, ba ta gulma. Ya kamata ki riƙa zuwa ɗaukar darasi."

Na bar masa wannan, don ina son jin sauran. 'Yarsa ɗaya tilo tana aure a ƙetare, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne jikarsa, mai shekara tara, ko "sannu" ba ta ji. Idan aka haɗa su a waya sai su yi ta kallon juna suna murmushi har uwar ta karɓe. To yanzu ga shi za a kawo ta, karo na farko, nan da wata huɗu. Shi ne ya samo wannan kati mai darasi talatin, wanda aka yi don masu tafiya neman aiki can. Namijin ya faɗi kalma da Hausa, macen ta faɗe ta da harshensu, sannan a bar wa mai koyo gurbi.

"Daƙiƙa biyar cif," ya ce. "Na auna."

Ni ba rediyon nake kallo ba. Ƙafafunsa nake kallo. Ya tsaga silifas ɗinsa ta sama don su shiga. Shekara talatin na yi ina aikin nas a asibiti kafin na ajiye aiki, ba sai an karanta mini irin wannan kumburin ba. Na durƙusa na danna babban yatsana a ƙaurinsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Washegari na tasa shi gaba har wurin likita. Zuciya ce. Abin da likitan ya faɗa mini a baranda ya fi wanda ya faɗa masa yawa, na kuma gaya wa 'yar a waya ba tare da kwana-kwana ba. Ta yi kuka, ta ce za ta matso da tafiyar, amma takardun yarinyar ba su fito ba.

Daga nan na zama mai shiga ɗakinsa safe da yamma, da sunan magani. Gaskiya rabin abin da ke kai ni son ganin yadda tsoho ɗan saba'in da shida zai cusa wannan harshe a kansa ne.

Yadda yake gyaran agogo haka yake karatun. Kowane darasi kalma ashirin. Sai ya ƙirga ƙusa ashirin a faranti, ya ajiye wani farantin wofi a gefe. Idan ya kashe rediyo ya kawo kalma da ka, ƙusa ɗaya ta ƙaura. Idan ya kuskure ɗaya, duka su koma gida. Darasi ɗaya kwana huɗu, wani lokaci biyar. Ya wuce gaisuwa, ya wuce kicin, ya shiga tashar jirgi da masauki. Ta bango nake jin sa yana tambayar ɗaki mai gado biyu, shi da ko matakalar bene ta gagare shi.

Ran nan na ɗauki takardar da ta zo da katin, na bi jerin da yatsa. Iyali, darasi na ashirin da biyu. Shi kuwa yana na tara. Na yi lissafin kwanakin a zuci, na kalli leɓensa da ya fara duhu, raina ya ɓaci.

"Baba, me za ka yi da tikitin jirgi? Tsallake ka je na iyali. Ba jikarka kake son kira ba?"

"An taɓa ɗaura hannun agogo kafin a zaunar da inji?"

"To ka tambayi uwarta mana. Kalma ɗaya ce fa."

"Na tambaya. Ta gaya mini da safe, kafin la'asar ta zube. Ba ta sami abin kamawa ba." Ya tura ƙusa ɗaya da ɗan hantsakinsa. "Kuma in na ce mata jikata, amsawa za ta yi, Nas. In ta amsa, sai in ce me?"

Na ajiye takardar, na miƙa masa maganinsa.

Ranar Lahadi da rana na riƙe masa wayata suka ga juna shi da jikar. Yarinya ce siririya mai giɓi, goshinta sak nasa. Ya gyara murya ya jefa mata kalmarsa ta farko. Ta zaro ido. Sai ta ɓace daga wayar, muka ji gudu, ta dawo riƙe da cokali. Ya sake faɗin wata, ta kawo kofi. Ya faɗi wata, ta juya wayar ta nuna taga. Da kayan kicin suka ƙare masa sai ya nemi ɗaki mai gado biyu, yarinya ta faɗi ƙasa don dariya, uwar na gefe tana share ido da bakin mayafi. Shi ma ya yi dariya har sai da na ɗaga shi zaune na shafa masa baya. Tun daga ranar kowace Lahadi sai ta jera kaya a gabanta tana jiran abin da zai kira.

Yana darasi na sha tara ya daina iya zama a tebur. Na matso masa da farantan kan gado, ni ke danna rediyon. A nan ne na yi abin da har yau ban san ko daidai ba ne. Ya lumshe ido, na danna madannin gaba sau uku, har darasin iyali.

"Uwa," in ji namijin.

Ko macen ba ta buɗe baki ba ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Nas, kin tsallake."

"Na tsallake! Baba, don girman Allah, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da nake gani. Ba ka da kwanakin nan."

"Na sani. Ni ma ina jin inji in ya fara ja da baya." Ya numfasa da ƙyar. "Mayar da ni darasin kasuwa. Saura tumatir da albasa."

Na mayar da shi. Na fita baranda na yi kukana, na haɗa da zaginsa a zuci, tsoho mai taurin kai kamar ƙofar ƙarfe. Ina son sa, shi ya sa abin ya ci ni.

Ya gama na sha tara. Ya gama na ashirin. Na ashirin da ɗaya sassan jiki ne, ya ce wannan da sauƙi, duk wanda aka kira yana masa ciwo. Ranar Talata da hantsi ina wanke kofunansa, ina jin sa a bayana. Kai, ya amsa. Ido, ya amsa. Kunne, ya amsa a hankali. "Hannu," in ji namijin, macen ta faɗi nata, gurbin ya zo ya wuce. Na ɗauka tunani yake. "Ƙafa." Gurbin ya sake wucewa. Na juyo da kumfa a hannuna.

Na rufe masa ido, na tsayar da rediyon. Ƙusa goma sha uku a faranti ɗaya, bakwai a ɗayan. Ban taɓa su ba.

Takardun suka fito bayan kwana tara. Da uwar da yarinyar suka sauka a ɗakinsa. Yarinyar ta tsaya tsakiyar ɗaki tana bin agogunan da kallo, ta ɗauki cokalin da ke kan tebur, ta mayar. Na nuna mata rediyon da inda ake dannawa, don ba ni da wata magana da zan yi da ita.

Washegari da safe ina shara sai na ji namijin ta bango. Ya ƙarasa sassan jiki, ba mai amsa masa. Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Uwa," ya ce. Macen ta faɗi nata. A cikin gurbin sai ga wata 'yar murya, tana lallaɓa kalmar kamar mai taka ƙasa mai santsi.

"U-wa."

Ashe ta baya ta kama darasin. Na jingina da bango. Uba, ta ce uba. Ɗa ya ba ta wuya, ta gwada sau biyu. Kaka, ta faɗe shi sarai, har da ƙarfi.

"Jika," in ji namijin.

Macen ta faɗi kalmar. Gajeriya ce ashe, gaɓa biyu, ba ta kai cokali wuya ba. Na kasa kunne. Wannan gurbin na Baba ne. Daƙiƙa biyar cif, ba abin da ke fitowa daga ɗakin sai tafiyar agogunan da ke bango.