Malam Ya Juya Bango

Hikima ce ke ɗaukar hoton zuciya da na'ura a wani ƙaramin asibiti a Talata Mafara, kuma ba ta wasa da ƙa'ida. In mai tari ya zo, sai ya sa takunkumi, ya kwanta ta hagu yana kallon bango, ita kuma ta zauna a bayansa ta miƙo hannu da na'urar. Ta ƙara tsanani tun da ta samu ciki, na fari, wata huɗu, wanda ko mahaifiyarta ba ta iya faɗa wa da baki ba.

Ranar Laraba aka kawo Malam Abdulwahabu daga Tsibiri, ƙafafu a kumbure, ga tarin wata biyu da ake zargin tarin fuka ne mai yaɗuwa. Shi ya koya mata karatun allo tana 'yar ficiciya.

"Hikima, ke ta? Ikon Allah. Ina gajiya? Ina mutanen gida?"

Ta sa masa takunkumi, ya janye shi zuwa gemu, wai ba a gaisuwa da baki a ɗaure. Ta juya shi bango, ya juyo. Shi fa tun da yake bai taɓa ba mutum baya ana magana ba, kuma gaisuwar Malam ba ta da ranar ƙarewa. Kowace tambaya da tarinta, daidai fuskarta.

Tsoro ya kama ta sosai. Amma yaya za ta tsawata wa mutumin da ya ɗora mata alƙalami a hannu? Ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

"Malam, a gahwarce ni. Ba ni kaɗai ta ba."

Ya dube ta, ya dubi inda hannunta ya sauka, a kan cikinta. Da kansa ya mai da takunkumin har bisa hanci, ya juya bango.

Ta shafa masa man gwaji a ƙirji, ta ɗora na'urar. Can sai ta ga zuciyar tana sauri a allon, kafaɗunsa na rawa. Ashe tarin yake dannewa, har hawaye ya jiƙa matashin.

"Malam, ku yi tarinku. Akwai takunkumi."

Ya girgiza kai, fuskarsa na bango.

"Gama aikinki, ɗiyata," ya ce da ƙyar. "In kun hita na yi."