Wanda Ya Amsa Kiran Sharhabilu

Sharhabilu bai taɓa kashe ko ƙadangare ba, amma a duk Talata Mafara babu wanda ya kai shi sanin inda ake harbin mus.

Mus wata dabba ce ta ƙasashen ƙanƙara. Tsayinta na raƙumi, bakinta na jaki, ƙahonninta kamar an buɗe tafin hannu biyu ana roƙon ruwa. Ya san ta ne a rumfarsa ta cajin waya a bakin kasuwa, ranar da wani direban tirela ya manta da memori cike da bidiyon wasu Turawa masu gemu suna raɗa a cikin daji. Ya kalla, ya sake kalla, har ya fara raɗa a gida in zai ce a miƙo masa gishiri.

Amma ba mus ce ta hana shi barci ba. Hindatu ce, 'yar Jibo makiyayi na Damaga, wadda ke kawo nono kasuwa duk Talata, ta ajiye 'yar wayarta a rumfarsa. In ta miƙo wayar, awarwaronta ya yi ƙara, sai Sharhabilu ya ji kamar an buɗe ƙofofin dam ɗin Bakolori a cikin ƙirjinsa. Sau da yawa ya mayar mata da wayar babu ko ɗigon caji, don ya manta bai kunna soket ba, yana can yana kallon yadda take daidaita ƙwarya a ka. Ita ma ta sani, kuma ba ta canza rumfa ba.

Da manyansa suka je Damaga neman aurenta, Jibo ya tarbe su da fura, ya gaishe su har suka gaji da amsawa, sannan ya ce, "Ɗiyata cikin dabbobi ta tashi. Yaron ku mi ya sani ga dabba? In bai san dabba ba, ita ma ba ya sanin ta." Ya ƙara da cewa da zarar an gama kwashe amfanin gona za su tashi da garke su yi kudu cin rani, da Hindatu da komai.

Gero kuwa har an fara yanka.

Sharhabilu ya nufi gidan kawunsa Sallau, tsohon maharbi, ya same shi yana yi wa jakinsa susa.

"Kawu, ara mini adaka."

"Ka yi mi da ita? Caji za ka sa mata?"

"Mus za ni harbowa. In kai ma Baffa Jibo har ƙohwar ruga, shi ga ko na san dabba."

Ya nuna masa a waya. Sallau ya daɗe yana kallo, ya nesanta wayar, ya matso da ita.

"Ɗan nan, gwanki ma rabona da shi tun ina da haƙora. Zomo ne ya rage, sai zabi, su ma sun yi boko. Wagga aba babu ta ƙasarmu."

"Kun taɓa kiran ta?"

"A'a."

"To ƙaƙa kunka san babu ta?"

Sallau ya miƙa masa wayarsa. Shekarunsa duka a daji, babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Sharhabilu ya ɗauki gawayi ya zana da'ira a jikin jakin, bayan ƙafar gaba, sama kaɗan da ƙirji.

"Nan aka harbi, Kawu. Zuciya da huhu duk suna nan. Ba a harbin kai, ƙashi ne. Ba a harbin tozo. In ta huskance ka kuwa, ba ka taɓa kunamar bindiga, komi daɗewa, sai ta ba ka haƙarƙari. Kuma yanzu ne lokacinta, hwarkon kaka. Namijin na biɗar mace, hankali nai duk ba ya jiki nai."

Sallau ya dube shi daga sama har ƙasa. "Wanga kam na gani da idona," ya ce. Ya shiga ɗaki ya fito da bindigar. "Ka goge min jaki kahin ka tahi."

Da hantsi Sharhabilu ya ajiye babur ɗinsa a gindin wata kanya kusa da Damaga, ya gangara fadamar da ke bakin ruwa, don a zamanin nan mai hankali ba ya kutsawa can cikin daji. Ciyawa ta kai masa kafaɗa, ɗanya shar, tana warin laka da rana. Yana rataye da adaka, a hannu ɗaya buta, a ɗayan mazurarin da ya aro wurin 'yan bumburutu masu sayar da fetur. Turawan nan da ɓawon itace suke kiran namijin mus, su kwaikwayi kukan macen da ke neman miji. Shi mazurari ya samu.

Ya toshe hanci da yatsu biyu, ya kafa baki, ya saki kuka.

Wayyo, wannan kuka! Turawan da makogwaro suke yin nasu, shi da ransa ya yi. Duk Talatar da ta tafi bai gaya mata komai ba, duk daren da ya kwana yana tsara maganar da gari na wayewa take narkewa, da ƙurar garken da zai yi kudu ya bar shi da wayoyin mutane, duk suka bi ta cikin mazurarin nan mai warin fetur suka fita. Balbelu suka tashi. Wani masunci can nesa ya ajiye filafilin tuƙa jirgi ya share ido, bai san dalili ba. Sharhabilu ya ɗaga buta sama ya tsiyaya ruwan a tafki a hankali, kamar yadda ya ga ana yi, don namijin ya ɗauka macen ce ke fitsari.

Sai ciyawa ta fara rabewa.

Ƙahonni suka fara bayyana, dogaye, farare. Ya ɗaga adaka, ya yi bisimilla, ya jira haƙarƙari. Dabbar ta fito fili, ja wur, ƙatuwa, ta tsaya ta fuskance shi. Ya matsa dama, ta juyo dama. Ya matsa hagu, ta juyo hagu. Ya zagaya da gudu, ta zagayo da shi, idanunta manya, jiƙaƙƙu, ba sa barin fuskarsa. Haka suka yi ta juyi kamar dutsen niƙa har suka kwantar da ciyawar wurin, rana ta take tsaka, bai ga ko haƙarƙari ɗaya ba.

Da jiri ya kayar da shi, dabbar ta matso ta lashe masa kunne. A nan ya ga tsagar da ke kunnenta, ya gane. Jatau ne, jan bajimin Jibo, uban garke, wanda Hindatu ke ba da labarinsa kamar wani yayanta.

"Tahi gida," in ji Sharhabilu. "Don Allah. Kuskure ne."

Jatau ya yi wani nishi mai taushi.

Sharhabilu ya hau babur ya tsere. Washegari da ya zo buɗe rumfa, ya tarar da bajimin kwance a ƙofa, ƙafafunsa duk laka, ya ɗora haɓa a kan benci. Da ya hango shi ya miƙe, ya kaɗa wutsiya, ya watsar da tiren mai gyaɗa.

Daga nan rayuwa ta gagara. In ya shiga masallaci, Jatau na bakin ƙofa cikin takalma. In ya zauna wurin mai shayi, Jatau na hura masa iska a ƙeya. Har Jatau ya kawo masa kyautar kabejin wata mata, ya ajiye a ƙafarsa. Masu kawo caji suka ragu, don ba kowa ke iya miƙa waya ta tsakanin ƙaho biyu ba. Abokansa suka riƙa gaishe shi da "Amarya, ya gida?" Wasu kuma suka fara raɗe-raɗin yadda aka yi bajimin mutane ya kwana a gari, magana ce da ba a wasa da ita yanzu.

Ranar Talata Jibo ya iso, sanda a kafaɗa, Hindatu na bayansa da ƙwarya. Suka gaisa, lafiyar gida, lafiyar gajiya, lafiyar dabbobi. A kan dabbobin Jibo ya tsaya.

"Dabbobi ba lahiya. Samari, mi ka ce ma bajimina?"

"Baffa, wallahi ban san mi na ce ba. Da yaren mus na yi maganar."

"Shanuna sun kai lokaci, suna ta kai da kawowa, uban garke na nan shina gadin caja." Jibo ya kira bajimin da kiran da ya saba tun yana maraƙi. Jatau bai ko motsa kunne ba. Tsohon ya juyo ga Sharhabilu. "Ni na cire shi daga cikin uwa tai da hannuna. Dube shi. Bai taɓa yi min wanga kallo ba."

Hindatu ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ka maido min da hankalin bajimina kahin mu tashi," in ji Jibo. "In ba haka ba, ka riƙe shi, ni in riƙe ɗiyata. Kowa da nashi."

Aka gwada ɗaure shi a Damaga, ya daina cin ciyawa, ya juya fuska wajen Mafara yana kuka har karnuka na taya shi. Sharhabilu ya je ya tsaya a gabansa ya zage shi tas, ya ce masa mummuna, mai warin baki, ya ce shi yana da wadda yake so. Muryarsa ta karye a tsakiya, don bai taɓa ganin wanda aka wulaƙanta yana kallon mutum da irin wannan yarda ba. Ya ƙare da sosa masa wuya yana ba shi haƙuri.

Ya koma gindin kanya ya zauna, ya haɗa kai da gwiwa. Gonaki sun zama kara, mata a ruga sun fara ɗaure kaya. Nan Hindatu ta same shi, ta dawo daga ɗiban ruwa.

"Maharbi, sannu da hama."

"Hindu, kar ki yi min dariya. Raina ya kusa hita."

"To bari in yi kaɗan, in bari." Ta yi, ba kaɗan ba. Sannan ta sauke tulu. "Wai kukan nan da ka yi, wa ka tuna?"

Ya kasa ɗaga kai. "Kin sani."

Ta murza awarwaro. Iska ta kawo warin hayaƙi da na madara.

"Na ji shi," ta ce a hankali. "Ina tatsa ranar. Sai da na zubar da rabin ƙwarya." Ta gyara murya da sauri. "Kai dai ba ka da wayo. Shi ba kai yaka so ba, da wanga siririn wuya naka. Muryar yaka so. Ka ba wata saniya muryar mana."

Da la'asar aka fito da Jatau, an ɗaure masa ido da tsohon zane. Hindatu ta zaɓo wata farar saniya mai haƙuri ta riƙe ta. Sharhabilu ya shafe jikinsa da kashin shanu don ɓatar da ƙanshinsa, ya rarrafa ya tsugunna a ɗaya gefen saniyar, ya manna kumatu a cikinta mai ɗumi, ya cusa mazurari ta ƙarƙashin wuyanta. Duk ruga ta fito kallo. Aka kwance zanen.

Ya toshe hanci. Ta ƙarƙashin saniyar yana hango ƙafafun Hindatu da lallen da ya fara kodewa. Ya saki kukan, ya fi na farko.

Jatau ya daskare. Ya dubi farar saniyar da ya yi shekaru yana wucewa, kamar yau aka halicce ta. Ita ma ta waiga, tana mamakin abin da ya fito daga bakinta. Bajimin ya tako a hankali, ƙasa na girgiza, Sharhabilu ya yi birgima ya fita ta tsakanin ƙafafu da ƙyar, kofato ya tsage masa riga har baya. Tsofaffin mata suka rangaɗa guɗa, suka kora yara cikin bukka.

Yana kwance a ƙasa yana haki Jibo ya tsaya a kansa.

"To, wagga ɗaya ke nan," in ji tsohon.

"Ɗaya, Baffa?"

Jibo ya nuna garke da sanda. Shanu birjik har bakin fadama, farare da jajaye, duk sun juyo suna kallon mazurarin.

"Akwai na ƙanena kuma can Dakko." Ya ja gemu, ya daɗe yana ja. "Amma akwai magana. Baƙon namiji shi riƙa zuwa rugata kullum, shi shahe jiki da kashi, shi kwanta ƙarƙashin shanuna shina kuka? Mutane za su tambaya. In na ce mahaukaci ne, a ce Jibo na ajiye mahaukata. In na ce suruki ne, babu mai cewa komi, kowa ya san halin surukai." Ya buga sanda a ƙasa. "Ka ce ma manyanka su zo kahin mu tashi. Kuma da kai za a yi kudu."

Sharhabilu ya so ya yi godiya da kalmomi masu nauyi, irin waɗanda ya tanada tun damina, amma hawaye suka riga su, suka yi hanya biyu a cikin kashin da ke fuskarsa. Ya juya wajen Hindatu, ya buɗe baki zai faɗa mata, yau dai da harshen mutane.

"Daga nan," in ji ta, tana toshe hanci tana ja da baya. "Hwaɗi daga nan, ina ji. Kuma ka yi sauri, Baffa ya kamo saniya ta biyu."