Katakon Dara na Bakwai

Baƙo kafinta ne a unguwar Magajiya, amma kowa ya san kujera da gado ba su ne a ransa ba. Mutumin nan wasa ya sa a gaba. Shekara ashirin yana tara katakan wasa: ayo na Yarabawa da ya roƙa wajen wani direba, dirafti, lido iri-iri, har da wasanni uku da ya ƙago da kansa, waɗanda yake canza wa doka duk sati. Matarsa Rahmatu takan ce ɗakin katakan nan ya fi nata ganin tsintsiya.

Dara kuwa a ƙasa yake yin ta, kuma abokin dararsa ɗaya ne, Isiyaku tela na unguwar Hashimi. Shekara talatin suna haƙa gurabe a gindin mangwaro bayan la'asar, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa. Duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa, sai ya bi shi da gori har masu wucewa su tsaya. Ai ci ba gori miya ce ba gishiri.

Sai idon Isiyaku ya tafi. Ya gwada lalube, yatsunsa suka rushe guraben, tsakuwa ta cakuɗe da tsinke. Ya karkaɗe hannu ya shige gida, bai ƙara fitowa ba.

Tun ranar Baƙo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya rantse sai ya sassaƙa darar da makaho zai yi da hannu. Katakon farko guraben ba zurfi. Na biyu 'ya'yan sun yi kama da juna. Yakan ɗaure idonsa da ƙyalle ya laluba, ya yi tsaki, ya jefar, ya ɗauko wani katakon. Gadon da aka ba shi aiki yana jingine wata biyu.

"Malam, shida fa ke nan," in ji Rahmatu. "Katakon kake gyarawa, ko zuwan kake tsoro?"

Ya yi kamar bai ji ba, don gaskiya ta faɗa. Tsoro yake ya ga abokinsa ya zama abin tausayi.

Na bakwai da icen kirya ya yi shi, gurabe talatin masu zurfi, 'ya'yan kamar ƙananan turaku: nasa masu mulmulallen kai, na Isiyaku masu kusurwa huɗu. Ya saɓa shi sai Hashimi. Ya tarar da Isiyaku a zaure, a rame, hannuwa bisa gwiwa.

"Tela, kawo hannunka."

Isiyaku ya shafa katakon gurbi-gurbi. Can ya gyara zama. "To, Kafinta, dasa mu gani."

Suka dasa, aka fara tafiya. Ba a jima ba Baƙo ya hango gurbi a buɗe, turawa ɗaya ya jera uku. Ya dubi idanun nan da suka yi fari, zuciyarsa ta karye, ya tura wani ɗan daban. Gurbin ya sake buɗewa, ya sake kau da kai. Da Isiyaku ya jera ya cire masa ɗa, sai bakin Baƙo ya ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari."

Kash! Hannun Isiyaku ya tsaya cak.

"Na yi ƙoƙari?" Ya lalubo gurbin ya danna yatsa a ciki. "Sau biyu na bar maka wannan da gangan. Ni makaho na gan shi, kai mai ido ba ka gani ba? Ɗauki katakonka. Tun safe ake yi mini sannu a gidan nan, masu tausayi sun ishe ni. Abokin dara nake jira, ashe ba shi ya zo ba."

Kunya ta rufe Baƙo. Ya rungumi katakon ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya san in ya taka waje, shekara talatin sun ƙare ke nan. Ya juyo ya dire shi a tabarma da ƙarfi.

"Sake dasawa!"

Wannan karon bai ɗaga masa ƙafa ba. Ya tare nan, ya toshe can, ya jera uku ya fizge ɗan Isiyaku. Ya tattaro murya ya ce, "Tela, da idon ma yaushe ka iya dara? Ido ya tafi, ya bar wautar a inda take!"

Baƙo ya ji kamar ya yanka kansa.

Sai kafaɗun Isiyaku suka fara rawa. Ya fashe da dariya har da tari, hawaye na bin gemunsa, hannunsa na lalube bisa katakon.

"Ja'iri," ya ce, "sai yanzu ka iso. Matsa, wasana ne."